Daga Shanga zuwa makarantar jinya: ina mafita ga mai raunin sakamako?

A kowace shekara, tsakanin watan Agusta da Satumba, lokacin da hukumomin WAEC da NECO ke sakin sakamakon jarrabawar kammala sakandare, shagunan kwamfuta na Yelwan Yawuri kan cika maƙil. Samari da 'yan mata ne daga Shanga, Dugu Tsoho, Atuwo, Wara da Birnin Yawuri, wasu ma daga tungayen bakin ruwa, kowa riƙe da lambar jarrabawarsa a guntun takarda. Mai shago ya danna, injin ya fito da farar takarda mai layi takwas ko tara. Yarinyar da ke burin zama nas ba duka layukan ne suka dame ta ba. Biyar take nema: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Sai ta riƙa bin su da yatsa, C5, C6, B3, C6, har ta iso kan fiziks ta tarar da D7. Hausa da ilimin addini da na aikin gona duk ta ci su da kyau, amma ba su za a tambaye ta ba. Wannan layi ɗaya ya isa ya hana ta gurbi a bana.

A gida hukuncin gajere ne: ta faɗi. Daga nan sai maganar aure ta taso, ko ta koyon ɗinki. In namiji ne, a ce ya koma gonar albasa, ko ya ɗauki koma ya shiga ruwa, ko ya bi sa'anninsa wajen haƙar zinare. Abin da ba a cika gaya wa waɗannan yara da iyayensu ba shi ne, tsarin karatun jinya a Nijeriya ya bar wa mai D7 ɗaya ko biyu ƙofofi na halal da zai sake ƙwanƙwasawa. Akwai kuma wasu ƙofofin na bogi da ke cinye kuɗin talaka da shekarun ɗansa. Sanin bambancin waɗannan biyu shi ne rabin tafiyar.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wato NMCN, ita ce ke da wuƙa da nama a wannan fanni. Ita ke amince wa makaranta ta koyar, ita ke yanka mata yawan ɗaliban da za ta ɗauka, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, ita kuma ke ba da lasisi. An kafa ta da dokar soja a 1979, aka shigar da dokar cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sharaɗinta na shiga cikakken karatun jinya ko na ungozoma bai da wani lauje cikin naɗi: kiredit biyar a darussan nan biyar, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Kiredit kuwa daga A1 yake farawa ya tsaya a C6. D7 da E8 tsallake faɗuwa ne kawai, ba sa shiga lissafi.

A da, ɗalibi kan sayi fom a makarantar da yake so, ya rubuta jarrabawar makarantar, ya yi shekara 3 ya fito. Yanzu yawancin makarantun sun koma kwalejoji, kuma da dama sun rungumi tsarin difloma da babbar difloma na shekara 4, wanda sai ta hannun JAMB, hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, ake shigarsa. Mai son digiri a jami'a, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shekara 5 ke gabansa, kuma takarar ta fi zafi. Darussan da ake rubutawa a JAMB su ne Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. A taron da hukumar ta yi a watan Yulin 2025, an tsayar da maki 140 a matsayin mafi ƙarancin abin da kwalejin jinya za ta karɓa, 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Sai dai 140 ɗin ƙasan ma'auni ne. Kowace kwaleji na da ikon ɗaga nata, kuma inda masu nema suka ninka guraben da ake da su, dole a ɗaga.

Akwai wani rukuni na masu nema da ba a cika tunawa da su ba: waɗanda suka riga suka je kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, suka fito da sakamako mai rauni, sannan daga baya zuciyarsu ta koma ga jinya. Da yawansu na zaton wannan takarda ta zame masu tabo. A ƙofar shiga aji ɗaya ba ita ake dubawa ba. Kiredit biyar na sakandare, makin JAMB da tantancewar kwaleji su ne abin awo. Raunin difloma ko na NCE, wato takardar kwalejin ilimi, yana yin tasiri ne ga wanda ke son tsallakawa kai tsaye zuwa aji biyu na jami'a. Wanda ya yarda ya faro daga tushe, tsohuwar takardarsa ba za ta tare masa hanya ba.

Laifin yaro ne ko na makaranta?

Raunin sakamako ba cutar ƙasar Yawuri kaɗai ba ce. A jarrabawar JAMB ta 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.95, sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A WAEC ta shekarar, an fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta gano kuskure a wajen makin wasu takardu, ta gyara, adadin ya koma kashi 62.96. Duk da gyaran, ya gaza na 2024, wanda ya kai kashi 72.12.

Amma a ƙauye matsalar na da kamanninta daban. A ɗauki jarrabawar gwajin kemistiri. Ana ba ɗalibi dogon bututun gilashi mai zanen awo, ya cika shi da ruwan asid, ya riƙa ɗigawa cikin kwalbar da ke ɗauke da wani ruwan, yana juya kwalbar da hannu ɗaya yana riƙe da makunnin bututun da ɗayan, har launin ruwan ya sauya. A daidai wannan ɗigon zai tsaya ya karanta awo. Ɗigo biyu na ƙari sun ɓata lissafin. Ɗalibin da ya yi wannan gwaji sau goma a makarantarsa, hannunsa ya saba. Wanda bai taɓa ganin bututun ba sai zanensa a allo, ranar jarrabawa ce ranar farko da zai taɓa shi, ga mai sa ido a kansa, ga agogo na tafiya. Haka abin yake a fiziks, inda ake auna lilon ƙarfe ko a haɗa waya da batir. Idan irin wannan yaro ya fito da D7, takardar ta fi ba da labarin makarantarsa fiye da labarin ƙwaƙwalwarsa.

Ga kuma ƙarancin malaman kimiyya. Malamin fiziks da aka tura ƙauye yakan yi ta faɗi-tashin neman a mayar da shi birni, kuma ba abin mamaki ba ne a ga mutum ɗaya na riƙe da darussa biyu ko uku. Ga batun harshe: yaron da ya tashi da Gunganci, Kambarci ko Shanganci a gida, ya koyi Hausa a kasuwa, Turanci ne harshensa na uku, da shi kuma ake so ya fahimci tambayar kemistiri. Ga damina, lokacin da ruwa ke yanke wasu garuruwa, da kaka, lokacin da gona ke ɗauke yara daga aji.

A kan waɗannan duka sai ga tsoro. Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, a ƙaramar hukumar Ngaski, suka kwashe ɗalibai da dama da wasu malamai. Sai a 2023 ragowar 'yan matan suka dawo gida. Makarantar kwana ita ce wurin da ɗiyar ƙauye ta fi samun ɗakin gwaji da malamin kimiyya. Uban da ya ga abin da ya faru ya ce tasa ɗiyar ba za ta kwana a makaranta ba, wa zai ga laifinsa? Amma sakamakon hakan shi ne ta ƙare a makarantar jeka-ka-dawo mafi kusa, ko da kayan aiki ko babu.

Dalilin da ya sa maganar ta wuce ta gida ɗaya

Da asarar ta tsaya kan yarinyar da ta rasa gurbi, da da sauƙi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa a lokacin, a Jihar Kebbi kashi 3 cikin 100 ne kacal na haihuwa ake yi a hannun ƙwararren ma'aikacin lafiya, adadi mafi ƙanƙanta a Nijeriya, alhali a Jihar Imo ya kai kashi 98. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya a shekarar sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya.

A masarautar Yawuri, ruwa ya ƙara wa nisa nisa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kusan 44,000 daga tsoffin matsugunansu, al'ummomi suka warwatsu a gaɓa da tsibirai. Ƙaramar hukumar Shanga kaɗai, a ƙidayar 2006, tana da mutane sama da 120,000, yawancinsu a ƙananan garuruwa da tungaye. Idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare a wani tsibiri, sai an tashi mai jirgi, a nemo mai, a shimfiɗa tabarma a cikin kwale-kwale, a kwantar da matar, wani ya riƙe tocila a gaba. In an kai gaɓa a nemi babur ko mota zuwa babban asibitin Yelwa. Mai zubar jini bayan haihuwa sau da yawa ba ta da waɗannan sa'o'in. Shi kansa ruwan ba abin wasa ba ne: a watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan ne suka tsira.

Wa zai zauna a irin wannan wuri ya yi aiki? A watan Fabrairun 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Idan Legas da Abuja na kukan rashin nas, ba a maganar garuruwan Shanga irin su Gebbe ko Yarbesse. Wadda aka turo daga nesa takan zo da takardar neman canjin wuri a jaka. Wadda za ta daɗe ita ce 'yar gari, mai jin harshen mutanen, wadda magidanci zai yarda ta shiga ɗakin matarsa, wadda ta san wace tsohuwa ce ke karɓar haihuwa a unguwa kuma ta iya yi mata magana cikin ladabi. Ita ce kuma wadda D7 a fiziks ke tsayarwa a bakin ƙofa.

Hanyoyin da suka rage

Hanya ta farko, kuma mafi miƙewa, ita ce cike gibin. Tunda an yarda da zama biyu, mai kiredit huɗu ba ya buƙatar rushe abin da ya gina. Zai riƙe takardarsa ta farko, ya sake zama don ya ciwo darasin da ya rage, a haɗa biyun. WAEC na shirya jarrabawar masu zaman kansu sau biyu a shekara, ɗaya a farkonta ɗaya a ƙarshenta, NECO kuma na yin tata a ƙarshen shekara. Wanda sakamakonsa ya fito a Agusta, in ya yi azama, zai iya sake zama kafin shekara ta ƙare, ya shiga JAMB ta gaba da cikakkiyar takarda. Abu biyu ne ya kamata a kiyaye. Zama biyu ake karɓa, ba uku ba, don haka wanda darussa uku suka kayar dole ya ciwo su tare a zama guda. Sannan wasu jami'o'i kan fi son zama ɗaya ga masu neman digirin jinya, saboda haka a karanta sharaɗin kowace makaranta kafin a biya kuɗi.

Sake zama ba tare da sauya yadda ake karatu ba, sake faɗuwa ne. Wanda fiziks ya kayar ya nemi malamin fiziks, ya tara tambayoyin shekarun baya, ya riƙa amsa su da agogo a gabansa. 'Yan gari uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya ya fi kowa ya zauna a ɗaki yana haddar littafi. JAMB kuma a kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai ƙone minti goma na farko yana neman inda zai danna, don haka ko na 'yan sa'o'i ne ya je shago ya saba da na'urar kafin ranar.

Hanya ta biyu ita ce rarraba ƙafa wajen zaɓen makaranta. Kwalejin Kimiyyar Jinya ta Jihar Kebbi da ke Birnin Kebbi, tafiyar kusan kilomita 200 daga Yelwa ta Koko da Jega, ita ce idon kowa ke kai, kuma a nan ɗan jiha ya fi ƙarfi. Amma akwai makarantun jinya a Sakkwato, ciki har da ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai ta Bida a Jihar Neja, akwai ta asibitin koyarwa na Zariya. Gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga yawan ɗaliban jinya da ake ɗauka a shekara daga 28,000 zuwa 64,000, sannan zuwa 115,000 a 2025. Guraben sun ƙaru, amma sharaɗin kiredit biyar yana nan daram.

Hanya ta uku ita ce karatun ungozoma ko jinya na al'umma, mai shekara 2, wanda NMCN ta ƙirƙiro musamman don karkara, kuma kwalejojin jihohin Arewa da dama suka gudanar. Sharuɗɗan shigarsa sun fi sassauci, ana son ɗalibar ta fito daga ƙauyen da ke da buƙata, da amincewar al'ummarta da ƙaramar hukumarta, ta kuma koma can ta yi aiki. Lasisinta bai kai na cikakkiyar nas ba, amma za ta iya duba mai ciki, ta karɓi haihuwar da ba ta da tangarɗa, ta gane alamar haɗari ta tura asibiti da wuri. Ofishin lafiya na ƙaramar hukuma shi ne wurin fara tambaya.

Hanya ta huɗu ita ce Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega, inda ake horar da jami'an lafiyar al'umma, CHEW na shekara 3 da JCHEW na shekara 2. Su ma suna da nasu sharuɗɗan kiredit da tasu hukumar rajista daban. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: jami'in lafiyar al'umma ba nas ba ne, kuma wannan takarda ba ta ɗauke wa mai ita kiredit biyar idan ya zo neman jinya daga baya. Amma aiki ne mai daraja. Su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkara, kuma tun 2014 manufar gwamnatin tarayya ta rarraba ayyukan lafiya ta ba su damar yin wasu ayyukan kula da masu ciki bayan ƙarin horo.

Wannan tsari na hawa mataki-mataki ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka, wanda makinsa bai kai na digiri ba yakan fara da kwalejin al'umma, ya sake darussan kimiyya, ko ya zama ƙaramin ma'aikacin jinya, daga baya ya haura. A Ingila akwai kwas na share fage na shekara guda ga manyan da suka bar makaranta ba da isasshiyar takarda ba. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Gadar da maƙwabta suka gina

Misali mafi kusa da halin da 'yan matan Shanga ke ciki ya faru ne a maƙwabta. Daga 2012 zuwa 2020, wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, mai suna Women for Health, ya yi aiki a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Masu shirin sun lura cewa makarantun jinya da ungozoma na cika da 'yan birni, waɗanda ba za su zauna a ƙauye ba, su kuma 'yan ƙauye ba su da kiredit ɗin shiga. Maimakon a rage sharaɗi, sai aka buɗe shekarar share fage a cikin makarantun lafiya.

Al'umma ce ke zaɓo yarinyar, da sa hannun masu gari da malaman addini, da yardar uba ko miji. Wadda kiredit ɗinta bai cika ba, a zaunar da ita a koya mata Turanci, lissafi da kimiyya har ta sake zaman jarrabawa. Wadda ta cika amma tushenta ba ƙarfi, a shirya ta don jarrabawar shiga makaranta. An tanadi ɗakunan kwana na mata, har da wurin renon yara domin matan aure masu goyo. Ita kuma ta ɗauki alkawarin komawa garinsu ta yi aiki. Ta wannan hanya 'yan mata da matan aure masu yawa, waɗanda aka riga aka yanke wa hukuncin faɗuwa, suka zama nas, ungozoma da jami'an lafiya.

Kebbi ba ta cikin jihohin da shirin ya shafa, amma darasinsa ba mallakar kowa ba ne. Ya tabbatar da cewa ɗiyar karkara, in ta samu malami, ɗakin gwaji da wata tara ko goma na natsuwa, tana ciwo fiziks da kemistiri kamar kowa.

Ramukan da ke kan hanya

Inda buƙata ta yi yawa, 'yan damfara ba sa nisa. Na farko su ne cibiyoyin jarrabawa da ake biya a ba da amsa. Ko da an tsira daga kamun hukuma da riƙe sakamako, A1 ɗin da aka saya ba ta shiga aji da mai ita.

Na biyu su ne makarantun da ba su da amincewar NMCN. Suna da allo mai kyau a bakin titi, suna ɗinka wa ɗalibai fararen kaya, ba sa tambayar kiredit. Bayan shekara 2 ko 3 sai a gano ba wanda zai zauna jarrabawar majalisa, ballantana lasisi. Kafin uba ya sayar da buhun shinkafa ko sa, ya sa a duba masa sunan makarantar a jerin da majalisar ke wallafawa a shafinta na intanet. Ko a makarantar da aka amince da ita, ɗalibin da aka ɗauka bayan an cika adadin da aka yanka mata yana cikin haɗarin rasa lambar rajistar majalisa. Haka nan gurbin difloma ko digiri da bai bi ta manhajar CAPS ta JAMB ba, wadda aka fara aiki da ita a 2017, hukumar ba ta san da zamansa ba.

Na uku shi ne koyon aiki a ƙaramin asibitin kuɗi ko kemis, a fito ana kiran mutum nas. Majalisa ba ta ba irin wannan horo lasisi, kuma allurar da aka yi ba da ilimi ba ta sha nakasa yara. Na huɗu shi ne dillalin da ke cewa a kawo kuɗi yana da hanya a sama. Sayen takarda ko a ƙasashen da suka ci gaba ba ya ƙarewa da daɗi: a watan Janairun 2023 hukumomin Amurka suka bankaɗo yadda wasu makarantu a Fulorida suka sayar da takardun jinya na jabu sama da 7,600, masu su da yawa suka rasa lasisi da aiki.

Samun gurbi somin-taɓi ne

Duk wanda ya bi ta makarantar jinya ya san haruffa uku: PTS. Watanni shida ne na farko, inda ake ɗora wa sabon ɗalibi ilimin sassan jiki, yadda gaɓoɓi ke aiki da tushen aikin jinya, sannan a yi jarrabawar tankaɗe da rairaya. A nan mai takardar saye ke tonuwa. Wanda ya faɗi fiziks, ya koma ya zauna ya fahimce shi, ya riga ya ɗanɗani irin zaman da wannan zango ke buƙata.

Sharaɗin kimiyya da lissafi ba don a wahalar da kowa aka sa shi ba. Nas ce za ta lissafa yawan maganin da za a ba jariri gwargwadon nauyinsa, ita za ta ƙidaya ɗigon ƙarin ruwa a minti, ita za ta ga hawan jinin mai ciki ta san jijjiga na tafe. Kuskuren sifili ɗaya a wannan lissafi rai ne. Saboda haka kiran a sassauta wa 'yan karkara sharaɗi ba gata ba ne gare su, ba kuma gata ba ne ga majinyatan da za su faɗa hannunsu. Gatan shi ne a kai su inda za su cika sharaɗin.

A wuyan wa nauyin yake?

Masarautar Yawuri ba ta rasa waɗanda suka san darajar wannan magana ba. Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ke kan karaga tun 1999, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne. Shi ma Gwamnan Kebbi, Nasir Idris, malamin makaranta ne da ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa. Ba sai an yi masu dogon bayani kan abin da rashin malamin kimiyya ke haifarwa ba.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha da ƙananan hukumomi uku ba: ajin share fage guda a Yelwa, mai ɗakin gwaji, malaman kimiyya da masaukin mata mai tsaro, inda kowace mazaɓa a Shanga, Yawuri da Ngaski za ta turo 'ya'yanta biyu ko uku a shekara, a biya masu kuɗin sake jarrabawa, su kuma su sa hannu kan komawa gida su yi aiki na wasu shekaru. Sai kuma a ɗauke su aikin in sun gama, domin horar da ungozoma a bar ta tana sayar da magani a ɗaki wata asarar ce. Ƙungiyoyin ci gaban gari, 'yan kasuwar albasa da kifi, da 'yan majalisar yankin na iya ɗaukar nauyin wasu tun kafin gwamnati ta motsa.

Iyaye kuma su daina karanta takardar sakamako da kalma ɗaya. A kai ta wurin malami ko ma'aikacin lafiya na gari ya duba darussa nawa suka rage. In ɗaya ne ko biyu, kuɗin sake zama bai kai na kayan ɗaki ba, kuma aure bai hana karatu in miji ya fahimta. Ke kuma da kika ga D7 a bana, ki adana takardarki, ki nemi malamin darasin da ya kayar da ke, ki yi rajistar zama na gaba kafin a rufe. Matan garinku na buƙatar ungozoma, kuma babu wadda ta fi ki cancantar zama ita.